Itacen da ke Bayan Ɗakinmu

Makullin gidan ya iso hannuna ina cikin wata na biyu na takaba. Wani mai karo, amalanken jakin nan da ke kai kaya kasuwar garin Hajj Abdalla, shi ya kawo shi ƙulle a tsumma. Ya ba Gwaggo a bakin ƙofa, tun da ni ba na fita. Ya ce tsohon da ya sayar mana ya tashi, ya kulle, ga amana. Gwaggo ta shigo ta ajiye shi a kan tabarmata ta ce, "Ga gidanki, 'yar birni." Na ɗaure shi a gefen farin tob, mayafin da ke jikina, ban kwance shi ba sai ranar da na fita.

A lokacin ban taɓa ganin gidan ba. Maigidana ne ya gani, shi ya yi ciniki, shi ya biya. Kwana goma sha biyu bayan haka ya rasu.

Shekara goma sha huɗu muka yi a kambo, ƙauyen masu aikin gona da ke gefen tur'a, hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Ƙasar wurin ba ta kowa ba ce a cikinmu. Maigidana yana noma hawasha, wato gonar wani mutum, in an girbe a raba. Ɗakinmu na ciyawa ne mai tsini, duk damina yana yoyo a wuri ɗaya, daidai kan gadon 'yan matanmu biyu. Ni a Damazin aka haife ni. Mahaifina tela ne, a gidan haya muka tashi, amma na bulo ne da rufin kwano. Shi ya sa Gwaggo, ƙanwar mahaifin maigidana, ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai 'yar birni. Ta ce na iya karanta takardar magani amma ban san bambancin karan dawa da karan auduga ba. Na koyi wannan daga baya. Akwai abin da ban koya ba.

Maigidana ba mai yawan magana ba ne. Shekara uku kafin rasuwarsa ya fara kawo itace gida. Ba ya kawo su da yawa. Yau ɗaya a kan keke, bayan wata biyu wasu biyu a kan jaki. Dogaye ne, miƙaƙƙu, irin waɗanda muke ce wa azara ko da ba na giginya ba ne. Ya kan fere ɓawonsu, ya jera su bayan ɗaki a kan duwatsu don kada gara ta hau, ya rufe da buhuna. Ranar Juma'a bayan la'asar ya kan je ya jujjuya su. Wata shekara kuma ya zo da mirig, babban gungumen da ake gittawa a tsakiyar ɗaki a ɗora azara a kansa. Na bagaruwa ne, maza shida suka sauke shi. Yana da wani ƙulli a gefe ɗaya kamar gwiwar raƙumi, a nan nake ɗaure akuya.

Na tambaye shi sau ɗaya, "Wai itacen nan fa?"

Ya ce, "Bar su, suna da aiki."

Na ɗauka ɗakin ƙasa yake so ya gina mana a kambo. Ban sake tambaya ba.

Labarin gidan a masallacin Juma'a ya ji shi. Wani dattijo Bahaushe a gefen Hajj Abdalla zai koma wajen ɗansa, yana neman mai saye. Abokansa suka ce ya nemi simsar, dillalin gidaje, ya shiga tsakani ya duba komai. Ya dawo yana ba ni labari, abin ya ba shi haushi.

"Simsar tsakanina da dattijon da muke tsayawa sahu ɗaya? Ya ci nasa a wajena, ya ci a wajen tsoho, don ya faɗa mini abin da idona ke gani?"

Na ce ai ya yi daidai. Har yau ban ce bai yi daidai ba.

Suka zauna a rumfar tsohon, da shaidu biyu, liman da wani maƙwabci. Aka sha jabana, kofin gargajiya, aka yi Fatiha, aka rubuta a takardar littafin makaranta cewa wane ya sayar wa wane gidansa, aka dangwala yatsu. Saniyarmu ta tafi a ciki, da gyaɗar shekara biyu. Sharaɗi ɗaya ya gaya mini: tsohon zai zauna har a gama girbin alkama.

Ranar ya yi magana fiye da yadda ya saba yi a mako. Ɗaki biyu ne, babba da ƙarami. Akwai bishiyar lemun tsami a tsakar gida. Famfo yana bakin layi. Wurin tudu ne, ruwa ba ya kwanciya. Makarantar 'yan mata tana kusa, ana jin ƙararrawarta. Ƙasar kuma tana da takarda, ba wanda zai zo wata rana ya ce mu tashi. Ya ce, "In tsoho ya tashi zan kai ki. Ba na so ki gani da kayan wani a ciki."

Zazzaɓi ne. Kwana uku ya yi, na huɗu da hantsi ya cika a asibiti. Alkama tana fitar da kai a lokacin, ana sanyi.

Ban iya tuna zaman makokin a jere ba. Na san an kafa wa maza rumfa a fili, can wajen masallaci. Na san mutane sun zo daga kambo biyar ko shida, daga Managil, daga Damazin, don mutum ne da ba ya ƙin zuwa jana'izar kowa. Ni ina cikin ɗaki a kan tabarma, mata suna shigowa suna fita, kowace ta yi mini ta'aziyya ta ce al-baraka fikum, in amsa. Bakina yana amsawa, ni ba na wurin.

A rana ta biyu da safe Gwaggo ta shigo ta durƙusa kusa da kunnena. Ta ce tukunyar gas ta ƙare, an aika gari ba a samu ba. Karan auduga ba ya riƙe manyan tukwane, yana tashi kamar takarda. Ga baƙi suna ta sauka.

Ta ce, "Itacen da ke bayan ɗaki. A taɓa?"

Na ce, "Ku ɗauka."

Ba ta tashi ba. Ta ce, "Ke, dube ni. Itacen gini ne fa. Kin tabbata?"

Abin da na ce mata ina jin sa har yanzu da muryata. Na ce, "Gwaggo, ginannen gida ya saya. Mai ginin kuma ya tafi. Ku ƙona."

Na ji ƙarar gatari har azahar. Kwana biyu aka yi ana dafa asida, tuwonmu, da miya da shayi da itacen, kowa ya ci ya ƙoshi. Mata suna yabon wutar, wai ba hayaƙi, wai ba su taɓa ganin busasshen ice mai kyau haka ba.

Wata huɗu da kwana goma na yi a ɗakin ciyawan nan, kuma gaskiya a cikin wancan gidan na yi su. Na jera gadaje a babban ɗaki, na sauya musu wuri ya fi sau ɗari. Na ba 'yan mata ƙaramin. Na sa tulu a ƙarƙashin lemun. Ranar da nake naɗe tufafinsa na sami wata igiya a aljihun jallabiyarsa, da ƙulli uku a jikinta, nesa da juna. Ban san ta mece ce ba. Na ajiye ta don hannunsa ne ya ƙulla.

Da na fita takaba, Yaya ya zo. Wan maigidana ne, yana tuƙa tarakta a manyan gonakin Damazin, ba ya nan lokacin cinikin. Ya ce yana da mako ɗaya kafin a fara shuka, ya kwashe mu ya koma. Ya ce mu fara zuwa mu biyu mu gani, a share. Iska ta riga ta juya, tana zuwa daga kudu, hadari yana haɗuwa da yamma yana watsewa. Na ɗauki tsintsiya sabuwa.

Ƙofar waje ta ƙarfe ce, tsohuwa, da kwaɗo. Makullin ya juya ba gardama. Na ga lemun, yana inda ya ce. Na ga ɗakuna biyu. Na nufi babban, na lura ba ƙyaure a ƙofar, na ce a raina ko a buɗe yake ta ciki. Na shiga, rana ta dake ni a ka.

Na ɗaga kai. Sama ce. Bango huɗu, da sama.

Na tsaya riƙe da tsintsiya. A saman bangon gabas da na yamma akwai rami guda guda, inda mirig ya zauna. A sauran biyun ƙananan ramuka ne a jere kamar inda aka cire haƙora. Taga ba ƙyaure, ƙofa ba ƙyaure. Na fita na shiga ƙaramin ɗakin, shi ma haka. Na dawo babban, kamar zai canza.

Yaya ya ce, "Innalillahi. Ɓarayi!"

Ya zaga, ya duba ƙasa. An share ɗakin tas. Ko ɓaraguzan ƙasar da suka zubo an tara su a kusurwa ɗaya. Ya ce, "A'a. Wane ɓarawo ne zai tsaya ya yi shara?"

Wata mata ta leƙo ta kan katanga, da jariri a kafaɗa. Ta yi mana maraba, ta yi mini gaisuwa. Yaya ya tambaye ta wa ya cire rufin. Ta dube shi kamar ya tambayi wa ya ɗauke rana. Ta ce, "Ai Baba ya tafi da kayansa. Mu ma muna ta cewa mi ya hana ku zuwa, ga ruwa ya kusa." Ta kwatanta mana gidan ɗansa, bayan kasuwa.

A hanya Yaya yana ta faɗa. Zai je wajen 'yan sanda, zai je kotu, takarda tana aljihunsa. An ga mutum ya mutu an ci amanar marayu. Ya ce da an sa simsar da an rubuta komai, ƙofa nawa, taga nawa, rufi na mene. Ni ina bin sa a baya. Ƙafafuna suna tafiya ne kawai. Sai da muka wuce kasuwa na ga har yanzu tsintsiyar tana hannuna.

Mun sami tsohon a kan angarib, gadon igiya, a ƙarƙashin rumfa, matarsa tana soya 'ya'yan kofi a gefe. Bayansu sabon ɗaki ne, ƙasarsa ko gama bushewa ba ta yi ba, amma ƙyaurensa tsoho ne, kuma kawunan azarar da suka leƙo daga bango baƙaƙe ne da hayaƙin shekaru. Da ya ji ko ni wace ce ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga hannu ya yi wa maigidana Fatiha. Ya ce, "Zauna, ɗiyata. Mijinki mutum ne."

Yaya bai zauna ba. Ya ce, "Ya Hajj, gida muka saya ko kango?"

"Gida kuka saya."

"To ina rufinsa?"

Tsohon ya juya ya nuna sabon ɗakin da hannu. "Ga shi nan." Ya faɗa kamar an tambaye shi ina hularsa.

"Kuma kana nuna mini?"

"In ɓoye shi? Nawa ne. Ya waladi, ɗana, kai ba a kambo aka haife ka ba? Wa ka taɓa gani ya tashi ya bar mirig ɗinsa?"

A nan na fara jin abin da ban koya ba cikin shekara goma sha huɗu, don a zamana a kambo ba wanda ya tashi a kusa da mu. Mutanen da suka yi rayuwa a ƙasar da ba tasu ba, bango ba ya cikin dukiyarsu. Bango ƙasa ce, in an ce a tashi a nan ake barin ta. Itace da ƙyaure su ne gidan, su ake ɗora wa jaki. Yaya ya san wannan sarai. Na gani a fuskarsa. Amma ya ce, "Wancan a kambo ne. Nan gari ne, da takarda."

Tsohon ya ce, "Shi ya sa na tambaye shi. Na ce masa, a rufe kake so ko a buɗe? In a rufe ne ga kuɗinsa, in a buɗe ne ga kuɗinsa. Liman yana nan da ransa, je ka tambaye shi. Wanga mirig ubana ya tashi da shi sau huɗu, ban so rabuwa da shi ba, amma da ya ce a rufe da na bar masa. Sai ya yi dariya. Ya ce, Baba, riƙe naka, ina da nawa."

Matar ta ce, ba ta ɗago ba, "Ni na zuba musu jabana. Haka ya ce."

"Ya ce shekara uku yana tarawa. Azara talatin da huɗu. Ya ce mirig ɗinsa na bagaruwa ne daga dajin bakin kogi, a motar kankana ya ɗauko shi, yana da ƙulli a gefe kamar gwiwar raƙumi. Ya fito da igiya ya auna ɗakunan da kansa, yana ƙullawa. Ya ce babban ɗakin kamar don mirig ɗinsa aka gina shi."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ba wanda zai san ƙullin nan sai wanda maigidana ya gaya wa. Igiyar kuma tana cikin akwatina.

Tsohon ya juyo gare ni. Muryarsa ba faɗa a ciki. "To ya bitti, ɗiyata, mi ya hana ku kawo itacen? Na san kina takaba, amma maza fa? Ginin ƙasa ne. Kwana goma in ya daɗe ruwa ya sauka. Ruwa biyu masu ƙarfi a kan bango ba rufi, ya kwanta."

Yaya ya dube ni. Shi ya san an ƙona itacen, ya gani bayan makoki ya yi tsaki, aka ce masa ai ginannen gida aka saya. Bai taimake ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ni na ce a ƙona.

Na ce, "Baba, an dafa abinci da shi."

"Da mi?"

"Da itacen. A makokinsa. Gas ya ƙare. Ni na ce a ɗauka."

Kofin da ke kan wuta ya fara ƙauri, matar ba ta juya shi ba.

Can tsohon ya ce, "Wace rana?"

"Ta biyu da ta uku."

Ya zauna a bakin angarib, ya dafa gwiwoyinsa. Ya ce, "Ranar ta biyu na zo. Na ci asida a rumfar maza. Har na ce wa na kusa da ni matan kambon nan sun iya tuƙi." Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "La ilaha illallah. Ni ma na ci."

A motar komawa na bi maganganun maigidana ɗaya bayan ɗaya, waɗanda na yi wata huɗu ina juyawa. Ɗaki biyu, lemun tsami, famfo, tudu, ƙararrawar makaranta, takarda. Ban sami rufi a ciki ba. Bai taɓa cewa komai a kan rufi ba, don a wajensa rufin yana bayan ɗakinmu, ina wucewa ta gabansa kullum, ina ɗaure masa akuya. Ni na ɗora wa gidan rufi a raina, irin na gidan da na tashi a ciki. Da ya kai wata biyu a raye da ya ce mini a kira karo a kwashi itace, in tambaya, ya gaya mini, shi ke nan. Cinikin gaba ɗaya a bakinsa yake, ya tafi da shi.

Da muka isa ban shiga ɗaki ba, na zaga baya. Tun rasuwar ban je wurin ba. Duwatsun suna nan a jere, ba komai a kansu. Mirig ɗin kaɗai ke kwance cikin ciyawa. Akwai sara uku a jikinsa kusa da juna, inda aka gwada gatari aka ga ba zai yi ba aka bar shi.

Gwaggo ta same ni a wurin. Yaya ya riga ya gaya mata. Ta tsaya a kaina ta ce, "Sau biyu na tambaye ki."

Na ce, "Sau biyu, Gwaggo."

"Sau biyu! Ke 'yar birni ce, mi kika sani? Ni fa? Ni da gashina ya yi fari a kambo, na ga itacen gini a kan duwatsu, a fere, na je na tambayi wadda ba ta san inda kanta yake ba. Wa ke tambayar mai sabon rashi? Da na tambayi akuyar nan da ta fi ki ba ni amsa." Tana faɗa hawaye suna bin kumatunta. Ta gyara tob ɗinta, ta ɗauki sandarta, ta fita.

Kambo ba shi da girma, danga kuma ba ta tare murya. Ina zaune a kan mirig ɗin ina jin ta gida gida.

"Ke matar mai shago! Kwano nawa mijinki ya ci a makokin yaron nan? Kar ki yi mini ƙarya, ni na zuba masa ƙari. To rufin marayu ya ci. Zaro mini ɗaya daga rumfar can."

"Haba Gwaggo, rumfar za ta faɗi!"

"Ta faɗi. Awaki ne a ƙarƙashinta."

A wani gidan na ji namiji yana cewa shi ranar ba ya gari. Ta ce, "An kai maka naka a kwano mai murfi, kwanon ma ba ka maido ba." Mutane suna dariya. Ni kunya ta hana ni ɗaga kai. Ban saba roƙo ba, shi ma bai saba ba, shi ya sa ya yi shekara uku yana kawo ɗaya ɗaya a kan keke.

Cikin kwana uku aka tara sha bakwai. Ba ɗaya da ya yi kama da nasa. Wasu karkatattu, wasu gajeru sai an haɗa, ɗaya hannun tsohon karo ne da ƙarfensa a jiki, ɗaya na darbejiya ɗanye da aka sare a ranar. Tsohon ya aiko da biyar, baƙaƙe, ya zare su daga rumfar da muka same shi a ciki. Yaya ya auna da igiyar maigidana ya ce sun isa ɗaki ɗaya. Ɗaya kawai. Ban yi shawara da kowa ba, na ce babban.

Ranar nafir, aikin gayya, maza suka zo daga kambo a karo biyu, maƙwabtan sabon layin suka fito. Tsohon ya zo da sandarsa, ya zauna a ƙarƙashin lemun yana ba da umarni, don shi ya san bangon. Da aka ɗaga mirig ɗin na matso na ce a juya saran ƙasa, ta cikin ɗaki. Ina so in riƙa ganinsu. Ban faɗi dalili ba.

Tsohon ya ce, "La, a'a. Sara yana sama."

Na ce, "Baba, don Allah."

"Ɗiyata, in sara ya kalli ƙasa nauyi zai buɗe shi, wata rana ya karye a kan 'ya'yanki. In ya kalli sama nauyi zai matse shi. Ku juya."

Aka juya. Ya shiga ramukansa biyu, ba a ƙara ba a rage ba, kamar yadda maigidana ya faɗa. Maza suka yi kabbara. Aka jera azara, aka shimfiɗa zana, aka sa leda, aka zuba ƙasa, aka shafe da kashin shanu. Kafin la'asar ɗakin ya yi duhu ta ciki. Yaya ya rataya mana tabarma a ƙofa, ya koma Damazin washegari.

Kwana huɗu da tarewarmu ruwa ya sauka, bayan azahar. Muna cikin ɗakin mu uku. 'Yan matan suna ta ɗaga kai suna neman inda zai yi yoyo, sun riƙe kwano a shirye kamar yadda suka saba. Bai yi ba. Ni na ɗage tabarmar ƙofa ina kallon ƙaramin ɗakin. Mun rufe saman bangonsa da buhuna da leda, iska ta kwashe su tun farko. Ruwa yana gangarowa ta cikinsa ja, kamar ana wanke shi. A ruwa na uku bangon kudu ya zauna. Kafin damina ta fita sauran suka bi shi. Ɗakin da na ba 'yan mata ke nan a raina, na jera musu gadaje.

Ƙasar tana nan, tudu ne a gefen tsakar gida, kaji suna hawa. Ban kwashe ta ba, don in an jiƙa ta za ta sake ginuwa. Itace ne babu. Na fara tarawa a bayan ɗaki, a kan duwatsu. Zuwa yanzu shida ne, ranar Juma'a bayan la'asar nake jujjuya su.

Takardar cinikin tana cikin akwati tare da igiyar. Na karanta ta sau da yawa. Layi huɗu ce, ba ƙarya a ciki ko ɗaya.

Da rana in na kwanta hutawa idona yana kan mirig ɗin. Daga ƙasa sumul yake, baƙo ba zai ga komai ba. Saran suna sama, kamu biyu daga ƙullin, ƙarƙashin zana da ƙasa.